Tare Saƙon Yatsa A Manhajojin Wayar Hannu: Ɗan Aike Ko Ɗan Leƙen Asiri?

Gabatarwa

A farkon zangon karatun da ya wuce, wani abokin karatuna ya same ni a ɗakin kwanan ɗalibai da wayarsa a hannu, yana kukan cewa an mayar masa da aikin da ya rubuta domin babu harafi mai ƙugiya ko ɗaya a cikinsa. Ya rubuta "kafa" inda yake nufin ƙafa, ya rubuta "fada" inda yake nufin faɗa, har ma'anar wasu jimlolin ta juye. Muka nemo masa wani allon rubutu mai haruffan Hausa, muka saukar a wayar. Da muka zo kunna shi, sai wayar ta fito da gargaɗi cikin Ingilishi, wanda ma'anarsa ita ce wannan allo yana iya tattara duk abin da mai waya ya rubuta, har da kalmomin sirri da lambobin katin banki. Kafin in kai ƙarshen gargaɗin, abokin nawa ya riga ya danna amincewa. Da na tambaye shi ko ya lura da abin da aka ce, sai ya amsa mini da cewa shi dai ƙugiya yake nema.

Wannan ɗan abin da ya faru shi ne ya sa na ɗauki alƙalami. Kowane ɗayanmu yana taɓa gilashin wayarsa sau ɗaruruwa a yini, yana zaton cewa abin da ya taɓa kai tsaye yake zuwa inda ya nufa. Alhali kuwa tsakanin yatsa da madannin da aka nufa akwai tashoshi da dama, kuma a kowace tasha akwai wanda yake da ikon tare saƙon, ya duba shi, ya riƙe shi, ko ya canza shi. Ra'ayina a wannan maƙala shi ne tarewar nan ba laifi ba ce a karan kanta, domin ba don ita ba da wayar ba ta moru ba. Amma duk wanda ya tare saƙon yatsa matsayinsa na ɗan aike ne, kuma nauyin amanar yana wuyan mai ƙera manhaja. Bai kamata a ɗora shi a kan mai waya ba don kawai ya danna wani madanni da bai karanta ba.

Hanyar Da Saƙo Yake Bi

Kafin mu yanke hukunci, ya kamata mai karatu ya san yadda abin yake gudana. Gilashin wayar zamani yana ɗauke da siraran layukan lantarki waɗanda ido ba ya gani, an jera su a tsaye da a kwance kamar saƙar tabarma. Idan yatsa ya sauka, sai yanayin lantarkin wurin ya canza, na'urar ta gane daidai inda aka taɓa. Wani injiniya mai suna E. A. Johnson ya bayyana asalin wannan dabara a 1965 a Malvern ta ƙasar Ingila, amma ba ta shiga aljihun jama'a sosai ba sai bayan fitowar iPhone a 2007 da wayar Android ta farko a 2008.

Daga gilashi, labarin taɓawar yana zuwa ga babbar manhajar da take tafiyar da wayar baki ɗaya, watau Android ko iOS. Ita ce take mayar da shi ɗan gajeren saƙo mai ɗauke da abu uku: inda aka taɓa, da lokacin da aka taɓa, da kuma irin abin da yatsan ya yi. A tsarin Android akwai saƙon sauka, da saƙon motsi, da saƙon ɗagawa, sa'an nan akwai na huɗu mai muhimmanci ƙwarai, watau saƙon sokewa. Jan yatsa sau ɗaya daga ƙasan gilashi zuwa samansa yakan haifar da saƙon sauka guda, da saƙonnin motsi masu yawa a jere, da saƙon ɗagawa guda a ƙarshe.

To, abubuwan da muke gani a fuskar manhaja ba a warwatse suke ba, wani a cikin wani yake. Shafi yana ɗauke da jerin sunaye, jerin yana ɗauke da layuka, kowane layi kuma yana ɗauke da madanni. Sai mu kwatanta shi da babban gida irin na da, wanda baƙo ba ya isa ga maigida sai ya ratsa zaure, ya wuce shigifa, kuma a kowace ƙofa akwai mai tambayarsa abin da ke tafe da shi. Haka saƙon yatsa yake shiga daga waje zuwa ciki. A kowace ƙofa ana tambayar mai tsaronta ko zai riƙe saƙon ko zai bari ya wuce. Masu rubuta manhajar Android suna ba da wannan amsa a wani gurbi da ake kira onInterceptTouchEvent, kuma amsar ba ta wuce i ko a'a ba. Idan mai tsaro ya ce i, sai a aika wa na ciki da saƙon sokewa, ragowar motsin yatsan duka ya koma hannun mai tsaron. A wayoyin iPhone sunayen sun bambanta, amma manufar ɗaya ce: ana fara neman abin da yake ƙarƙashin yatsa, masu gane salon motsi suna ganin saƙon tun da wuri har suna iya soke shi, abin da ba a karɓa ba kuma ya koma baya daga na ciki zuwa na waje.

Tarewar Da Babu Makawa

Mai karatu zai iya tambaya, me ya sa aka bar wannan ƙofa a buɗe tun farko? Amsar tana cikin jerin sunayen da ke wayarsa. A ce ya ɗora yatsa a kan sunan wani. A wannan lokacin wayar ba ta san ko kiran mutumin yake so ya yi ba, ko kuwa jan jerin yake so ya yi domin ya nemo wani suna a ƙasa. Saboda haka sai a miƙa wa layin sunan saƙon sauka, jerin kuma ya tsaya yana kallo. Idan yatsan ya gusa fiye da wani ɗan ƙaramin tazara, kimanin milimita ɗaya da kwata a yawancin wayoyin Android, sai jerin ya gane cewa ja ake yi, ya tare saƙon, ya soke na layin. Ba don wannan tarewa ba, da duk lokacin da mutum ya ja jerin sunaye sai ya kira wani ba da niyya ba. Har ila yau, an ba na ciki damar ya roƙi na waje kada ya tare masa saƙo, kamar taswirar da aka sa a tsakiyar shafi, wadda take bukatar a ja ta ba tare da shafin ya motsa ba.

Ƙugiyar da abokina yake nema ita ma ta irin wannan hanya take samuwa. A allunan rubutu da yawa, idan aka taɓa "k" aka ɗaga nan take sai "k" ta fito, idan kuwa aka danne ta kamar rabin daƙiƙa sai "ƙ" ta bayyana. Watau allon yana riƙe saƙon na ɗan lokaci, yana jira ya ga abin da yatsa zai yi, kafin ya yanke shawara. Haka nan manhajar zane take watsi da taɓawar tafin hannun da ya jingina da gilashi, ta kula da tsinin alƙalami kawai.

Misalin da ya fi kowanne ƙarfi shi ne na manhajojin da suke karanta wa makafi abin da ke fuskar waya, irin su TalkBack a Android da VoiceOver wadda ta zo wa iPhone a 2009. Waɗannan suna tare kusan kowace taɓawa. Idan makaho ya taɓa madanni sau ɗaya, madannin ba ya aiki, sai dai murya ta faɗa masa sunansa. Sai ya taɓa sau biyu a jere sa'an nan a isar da umarninsa. Babu tarewar da ta kai wannan yawa, kuma babu wadda ta kai ta cancanta, domin duk abin da take yi mai wayar take yi wa. A nan ne nake ganin ma'aunin yake. Ba yawan abin da aka tare ake dubawa ba, ana duba wanda aka tare dominsa.

Inda Ɗan Aike Yake Cin Amana

A ganina, cin amanar nan iri uku ne. Na farko shi ne a tare saƙo domin a karkatar da niyyar mai shi. Mafi sauƙinsa shi ne gyaran rubutu na kai tsaye, wanda yake ɗaukar kalmar Hausa a matsayin kuskuren Ingilishi ya musanya ta da wata, har mutum ya aika da abin da bai faɗa ba. Wannan dai rashin sani ne, kuma ana iya kashe shi. Wanda ya fi shi muni shi ne na ganganci. Na taɓa saukar da wata manhajar wasa wadda duk lokacin da na danna madannin komawa baya sai ta buɗe mini talla maimakon ta sallame ni, alamar rufe tallar kuma an yi ta ƙanƙanuwa ta yadda yatsa zai kuskure ta ya faɗa kan tallar. Wanda ya rubuta wannan ya san sarai abin da nake nufi, ya kuma zaɓi ya yi amfani da saƙona domin aljihunsa. Ba banza ba masu Android suka hana manhajoji ganin madannin komawa babban shafi, domin a bar wa mai waya ƙofar fita guda wadda ba mai iya toshe ta.

Na biyu shi ne a bar saƙo ya wuce lafiya, amma a kwafe shi a hanya, kamar ɗan aiken da yake buɗe ambulan ya karanta wasiƙa ya sake liƙewa. Wannan ya fi na farko haɗari domin mai waya ba ya ganin alamar komai. A watan Nuwamba na 2011 wani mai bincike a Amurka, Trevor Eckhart, ya nuna a faifan bidiyo cewa wata ɓoyayyiyar manhaja ta kamfanin Carrier IQ tana ganin madannan da ake latsawa a wayarsa ƙirar HTC. Manhajar tana cikin wayoyi fiye da miliyan 140, kuma masu wayoyin ba su ne suka sa ta ba, da ita suka saya. Kamfanin ya musanta cewa yana adana abin da mutane suke rubutawa, ya ce ingancin layi kawai yake aunawa. Duk da haka maganar ta kai majalisar dattawan Amurka, kuma a 2013 hukumar kula da harkokin ciniki ta ƙasar ta sa kamfanin HTC ya gyara kurakuran tsaro a wayoyinsa, ciki har da yadda ya dasa wannan manhaja.

A watan Fabrairu na 2019 kuma, jaridar TechCrunch ta bayyana cewa manhajojin iPhone na wasu manyan kamfanoni, irin su Air Canada da Expedia da Singapore Airlines, suna amfani da fasahar kamfanin Glassbox, wadda take naɗar taɓawa da rubutun mai waya domin a sake kallonsu daga baya kamar majigi. An ce ana rufe wuraren sirri kafin a aika, amma binciken ya nuna cewa a manhajar Air Canada rufin bai kama daidai ba, har lambobin fasfo da na katin banki suna iya bayyana. Nan da nan kamfanin Apple ya umarci masu manhajoji da su sanar da jama'a a fili ko su cire wannan naɗi. Sai kuma watan Agusta na 2022, lokacin da wani injiniya mai suna Felix Krause ya gano cewa idan aka buɗe shafin intanet daga cikin manhajar TikTok a iPhone, manhajar tana cusa wa shafin wani umarni mai sauraron kowane harafi da kowace taɓawa. Kamfanin ya ce ba ya tattara abin da ake rubutawa, umarnin na gano matsala ne kawai, kuma shi kansa Krause bai ce ya kama su suna kwashewa ba. Amma mai karatu ya lura cewa a duk waɗannan labarai uku, ba kamfanin ne ya fara faɗa wa jama'a ba. Wani ne daga waje ya tono, sa'an nan bayani ya biyo baya.

Allon rubutu kuwa shi ne uban tafiya a wannan fanni. Ya yi kama da marubucin wasiƙa na bakin gidan waya a zamanin da, wanda duk sirrin mai aikawa sai ya bi ta kunnensa kafin ya hau takarda. A watan Disamba na 2017 aka tarar da rumbun bayanan wani allon rubutu mai suna ai.type a buɗe a intanet, babu ko kalmar sirri, ɗauke da bayanan mutane fiye da miliyan 31, har da sunaye da lambobin waya da wuraren da suke. Mutanen nan allo mai ado suka nema, kamar yadda abokina ya nemi ƙugiya. Ina ruwan allon rubutu da inda mutum yake kwana?

Na uku shi ne tarewar da take zuwa daga wata manhaja dabam. A 2017 wasu masana daga Cibiyar Fasaha ta Jojiya da Jami'ar Kalifoniya da ke Santa Barbara suka nuna cewa da izini biyu kacal, manhaja tana iya mallake wayar Android. Izinin farko shi ne na shimfiɗa hoto a bisa fuskar wata manhaja, na biyu kuma shi ne wanda aka tanada domin taimakon naƙasassu. Da na farko ake nuna wa mutum madannin ƙarya, ya taɓa, taɓawar ta ratsa ta sauka a kan madannin gaskiya da aka ɓoye a ƙasa. Da na biyu ake karanta abin da ke fuskar waya, har a danna madanni a madadin mai ita. Sun gwada dabarar a kan mutum 20, babu ko ɗaya da ya gane abin da ya same shi. Ɓarayin da suke ƙera manhajojin satar kuɗin banki, irin su Anubis da Cerberus, ta wannan ƙofa ta naƙasassu suka riƙa shiga. Hausawa sun ce da ɗan gari akan ci gari.

Hujjar Masu Ƙera Manhaja

Adalci ne mu saurari ɗaya ɓangaren, domin suna da abin faɗa. Mai ƙera manhaja zai ce shi ba ya tare da mai waya a lokacin da abu ya lalace. Idan dubban mutane suna watsar da cike fom a shafi na uku, yana bukatar ya san abin da yake tuntuɓe da su a can. Idan manhaja tana mutuwa a hannun wasu, sai ya san madannan da suka bi kafin ya iya gyarawa. Bankuna kuma za su ce salon yadda mutum yake latsa haruffa da yadda yake jan yatsa yana taimaka musu su bambance mai asusu da ɓarawo ko na'ura. Duk waɗannan gaskiya ne, kuma mai waya da kansa yana cin moriyarsu.

Amma fa akwai bambanci tsakanin ƙidaya da kwafa. Domin a san cewa mutane suna makalewa a shafi na uku, ya isa a ƙirga waɗanda suka shiga da waɗanda suka fita. Ba sai an ɗauki lambar fasfon kowa ba. Domin a gyara manhajar da take mutuwa, ya isa a san cewa an rubuta wani abu a gurbi kaza, ba sai an san abin da aka rubuta ba. Ko allon rubutu ma yana iya koyon kalmomin mai shi ba tare da ya fitar da su ba. Tun a 2017 kamfanin Google ya bayyana wata dabara da yake gwadawa a allonsa na Gboard, inda ake yin koyon a cikin wayar, a aika da taƙaitaccen sakamakon lissafi kawai maimakon rubutun kansa. Ashe ke nan hanyar tana nan. Abin da yake sa a kwashe komai shi ne ya fi sauƙi, ya fi araha, kuma bayanan da aka tara suna da kasuwa.

Wata hujjar da ake kawowa ita ce ta rashin sani. Yawancin manhajoji ba mutum ɗaya ne yake rubuta su daga tushe ba. Ana ɗauko gutsattsarin da wasu kamfanoni suka riga suka shirya, na talla ko na ƙididdiga, a liƙa a ciki, kuma sau da yawa mai liƙawar bai binciki abin da suke saurare ba. Ni dai ban ɗauki wannan a matsayin uzuri ba. Wanda ya saukar da baƙo a zaurensa, shi za a tambaya idan kayan maƙwabta suka ɓace. Sunan mai manhaja ne a kan manhajar, shi mai waya ya sani, shi ya amince wa.

Yardar Da Ba Ta Cika Yarda Ba

Babbar garkuwar da ake fakewa da ita ita ce cewa mai waya ya yarda. To, wace irin yarda? Abokina ya danna amincewa a kan gargaɗin da aka rubuta cikin harshen da ba nasa ba, a daidai lokacin da hankalinsa yake kan aikin da zai miƙa da safe. Shi ɗalibin jami'a ke nan. Ina ga ɗan kasuwar da yake karɓar kuɗi ta waya amma karatun bokonsa bai yi nisa ba, ko dattijuwar da jikanta ne ya saita mata wayar? Ko a ƙasashen da Ingilishi yake harshen uwa, sharuɗɗan nan masu shafuka da yawa ba a rubuta su don a karanta ba, an rubuta su ne domin su kare kamfani a gaban alƙali. Bugu da ƙari, zaɓin da ake bayarwa guda ne, ko ka karɓa duka ko ka bari duka. Mutumin da bankinsa ko wurin aikinsa ya wajabta masa manhaja ba shi da bakin cewa a'a.

Dokoki sun fara gane haka. Dokar kare bayanai ta Tarayyar Turai, wadda ta fara aiki ranar 25 ga Mayu 2018, ta shimfiɗa ƙa'idar cewa kada a tattara bayani fiye da abin da aikin yake bukata, kuma dokar kare bayanai ta Nijeriya ta watan Yuni 2023 ta bi wannan sawu. Sai dai doka bayan ɓarna take isowa, kuma ba ta ganin abin da yake faruwa a ƙarƙashin gilashi. Masu babbar manhaja su ne suke da ikon toshe ƙofa tun daga tushe, kuma sun yi wani abu. Tun da Apple ya ba da damar sa allunan rubutu na wasu kamfanoni a 2014, ya hana su hulɗa da intanet sai da izini na musamman, kuma idan aka zo gurbin kalmar sirri wayar takan koma allonta na asali. A ɓangaren Android, tun 2010 aka ba masu manhaja hanyar ƙin karɓar taɓawar da ta ratso ta cikin hoton wata manhaja, amma aka bar ta a kashe sai wanda ya ga dama ya kunna. Sai a Android 12, cikin 2021, aka mayar da toshe irin wannan taɓawa aikin wayar da kanta. Shekara 11 ke nan bango yana tsage, ƙadangaru suna shiga. A 2022 kuma Android 13 ta ƙara tsaurara ba da izinin naƙasassu ga manhajojin da aka saukar daga wajen kasuwar manhajoji. Darasin da ke cikin wannan tarihi shi ne kariyar da aka bari sai an kunna, mafi yawan mutane ba sa samunta.

Abin Da Ya Kamata

Saboda haka ina ba da shawarar ƙa'idoji uku ga duk wanda yake rubuta manhaja, musamman 'yan'uwanmu ɗalibai na sashen kimiyyar kwamfuta waɗanda gobe su ne za su riƙe wannan aiki. Ta farko, kada a tare saƙo sai domin a cika niyyar mai shi. Kafin mai rubutu ya sa amsar i a wancan gurbi, ya tambayi kansa ko mai wayar zai gode masa idan ya ga abin da ya yi. Ta biyu, abin da aka tare a sake shi da zarar aikinsa ya ƙare. Taɓawar da aka riƙe domin a bambance ja da danna ba ta da sauran amfani bayan an ɗaga yatsa, don haka babu dalilin adana ta, balle aika ta wata ƙasa. Gurbin kalmar sirri da na kuɗi kuwa a haramta wa kowane mai naɗi su tun daga farko, kada a jira sai wani ya tuna ya rufe. Ta uku, idan lalle sai an kwafa, a faɗa a daidai lokacin da za a yi, cikin jimla ɗaya ko biyu, da harshen da mai wayar yake ji, kuma a bar manhajar ta ci gaba da aiki ko da ya ƙi.

A wannan ƙa'ida ta uku mu ɗaliban harshe muna da rawar takawa. Gargaɗin da abokina ya tsallake, da an rubuta masa shi da Hausa cewa wannan allo zai iya ganin duk abin da ka rubuta har lambar sirrinka ta banki, ina kyautata zaton da ya dakata. Fassara irin waɗannan gajerun jimloli ta yadda za su tsayar da yatsa aiki ne na masu sanin harshe, kuma bai fi ƙarfinmu ba.

Shi ma mai waya akwai ɗan abin da zai iya yi kafin a gyara. Ya duba jerin manhajojin da ya ba izinin naƙasassu da na shimfiɗa hoto a bisa wasu, ya janye daga duk wadda ba ta da dalili. Manhajar tocila ko ta wasa ba ta da hujjar neman ko ɗaya daga cikinsu. Idan zai shigar da kalmar sirri a wani shafin intanet, ya buɗe shi a manhajar lilo ta wayarsa maimakon cikin manhajar sada zumunta. Ya kuma san wanda ya ƙera allon da yake rubutu da shi. Amma ina nanata cewa wannan taka-tsantsan ne kawai, bai sauke wa mai ƙera manhaja nauyinsa ba.

Kammalawa

Mun ga cewa tare saƙon yatsa shi ne yake sa a iya jan jerin sunaye ba tare da an kira kowa ba, shi ne yake fito da ƙugiya a kan harafi, shi ne kuma yake ba makaho damar riƙe waya kamar kowa. Mun kuma ga cewa ta wannan ƙofa ce ake karkatar da mutum, ake kwafe sirrinsa, ake kwashe masa asusu. Layukan umarnin da suke yin aikin kirki da masu yin ɓarna kusan iri ɗaya ne, niyyar mai rubuta su ce ta raba su. Abokina har yau da allon nan yake rubutu, aikinsa kuma yana fita da ƙugiyoyinsa cif. Mai yiwuwa ne waɗanda suka ƙera allon mutanen kirki ne, ba su taɓa ɗaukar harafi ɗaya nasa ba. Abin da ya dame ni shi ne daga shi har ni babu mai hanyar tabbatarwa, kuma an tsara abin ne ta yadda laifin zai koma kansa idan ta ɓaci, tun da shi ya danna. Ina fatan masu karatu, musamman waɗanda suka fi ni sanin wannan fanni, za su tofa albarkacin bakinsu a fitowa ta gaba. A nan zan dasa aya.